Darasi: Gane Shekarun Tsohon Allon Hawa Igiyar Teku ta Fiffikensa

Masu kallonmu, assalamu alaikum, barkanku da warhaka. Yau za mu duba tsofaffin dogayen allunan hawa igiyar teku, irin waɗanda masu tara kayan tarihi ke nema ruwa a jallo a Hawai da Kalifoniya da Ostareliya. Idan aka ajiye muku ɗaya, kada fenti da tambarin kamfani su ɗauke muku hankali. Ku kifa shi tukuna, ku dubi fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiyarsa.

Allunan mutanen Hawai na asali, olo da alaia, katako ne zalla, ba su da fiffike. Sai a 1935 Tom Blake, wani Ba'amurke mai hawa igiyar teku, a gaɓar Waikiki da ke Hawai, ya ciro wani ƙarfe daga ƙasan tsohon kwalekwale mai inji ya ɗaura wa allonsa. Zurfinsa wajen inci 4 ne kawai, amma wutsiya ta daina zamewa gefe idan igiya ta miƙe. Duk da haka an ɗauki shekaru kafin jama'a su karɓa.

To, ku matso ku ga wannan. Faffaɗa ne, siffarsa kamar harafin D, an jera siraran katako masu launi daban-daban aka lulluɓe da faiba, aka manne shi da jikin allon har abada. Wannan salon ƙarshen shekarun 1950 ne zuwa tsakiyar 1960, lokacin da masu ƙera alluna Hobie Alter da Gordon Clark suka sauya katakon balsa da soso mai tauri a matsayin jikin allo, daga 1958. Yana riƙe allo ya tafi sak, sai dai juyawa da shi aiki ne ja.

Yanzu ku bi gindinsa da yatsa, inda ya haɗu da allon. Ƙaron da ake manne fiffiken da shi, in ya shekara sittin, yakan yi rawaya kamar ruwan shayi. In kun ga na gindin fari tas, sauran jikin kuwa ya dafe, to an sauya fiffiken daga baya, kuma daraja ta ragu. Wannan wurin nake so ku fi ba wa lokaci.

Siriri mai lanƙwasa baya kuwa, aikin George Greenough ne, mai ƙera alluna ɗan Kalifoniya, wanda ya kwaikwayi wutsiyar kifin tuna. Da irinsa Nat Young ya ci gasar duniya a San Diyego a 1966, daga nan faffaɗan ya fara ɓacewa. Ramin da ake zura fiffike a cire shi ma sai bayan tsakiyar shekarun 1960 ya yaɗu, don haka duk wanda ya ce muku allo mai rami na 1959 ne, ku tambaye shi da kyau.

Roƙona ɗaya: in kun samu na asali, ko da ya ɗan tsage, kada ku goge shi ku sake masa fenti. Ku rufe tsagar don kada ruwa ya shiga, ku ajiye shi a inuwa, domin zafin rana na ɗaga faiba daga jikin soso.