Yau na ga hasken leza ya huda dutsen ado amma ban ga ramin ba

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da muryata, iskar Chicago ce ta shige ni tun daga tashar jirgin ƙasa, wannan iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan ko hunturun Jos bai kama ƙafarta ba wallahi. Shayi ɗan kofi ɗaya dala 5 na saya don kawai in ɗumama hannu, kar ma ku lissafa min da naira don Allah.

To abin da ya sa na kunna kyamara, yanzu na fito daga lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, na wani abokina da ke karatu a nan, har yanzu mamaki bai sake ni ba. Ya ɗauko wani tsohon dutsen ado na gilashi, shuɗi, bai kai ƙwayar wake ba, ya saka cikin wani ɗan akwati, ya harba masa leza, ba reza ta wanzami ba fa, haske ne siriri. Na ce malam ai ka ɓata musu kayan tarihi, ya yi dariya ya ciro ya ce nemo ramin. Na juya na juya ban ga komai ba sai da ya sa a madubin ƙara girma, ashe ramin bai wuce kaurin gashi ɗaya ba. Ɗan ƙurar da hasken ya ɓalle, iskar hiliyam ce ke kwasarta ta kai cikin wata wuta ta iskar argon mai zafin sama da digiri 6,000, can komai zai tarwatse, sai na'urar ta tantance kowane sinadari da nauyinsa, kwamfuta ta jero maka kusan guda 50 a 'yan mintoci. Sunan na'urar a taƙaice LA-ICP-MS, ni dai na ce mata mai tonon asiri. Wai har sakannin farko zubar da sakamakonsu suke yi, saboda bayan dutsen ya sha ƙasa shekara ɗaruruwa, sai hasken ya nutsa ciki ake samun gaskiyar.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne labarin Ile-Ife. Wani masanin tonon kayan tarihi ɗan Najeriya, Abidemi Babatunde Babalola, ya yi tono a wani wuri a Ile-Ife mai suna Igbo Olokun ya samo duwatsun gilashi sama da 12,000 da fasassun tukwanen narka gilashi, na tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15, kuma a nan Chicago, a gidan tarihi na Field Museum, aka auna wasunsu da irin wannan na'ura. Sai aka ga gilashin cike yake da sinadarin farar ƙasa da alumina mai ɗauke da alminiyom, haɗin da bai yi kama da na Masar ko Gabas ta Tsakiya ko Indiya ba, wato da ƙasar wurin aka dafa shi. Da can ana ta cewa mu narkar da gilashin da aka kawo daga waje kawai muka iya. Kuma an tsinci irinsa har Gao a Mali da Igbo-Ukwu a jihar Anambra, kenan fatake sun yi yawo da shi. Ni ba Bayerabe ba ne amma wallahi sai da na ji kaina ya yi girma a lab ɗin nan, har na ce wa wata baturiya da ke gefe ƙasarmu ce fa.

Sai na tuna jigidar kakata da wasu tsakiya da take ɓoyewa a kwalla, Allah ya jiƙanta, bayan rasuwarta wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya karɓe su da kuɗin da ko buhun shinkafa ba zai saya ba, kuma ni na miƙa masa da hannuna. Wa ya sani ko na masu gilashin Bida ne ko sun ma fi haka tsufa. Idan kana da irinsu a gida kar ka sayar, kar ka goge su da toka don su yi ƙyalli, in kuma a gona ka tono to ka riƙe ainihin wurin, abokina ya ce dutsen da ba a san inda ya fito ba rabin labarinsa ya tafi. Ni da aka kama ni na kai hannu ba safar roba kallon da aka min ma ya ishe ni.

Bari in ruga, jirgina saura minti 4 kuma yatsuna sun daina ji.