Darasi: Kula da Kwamfutar Kama-da-wane a Keɓaɓɓen Girgije, Daga Ƙirƙira Zuwa Ritaya

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Darasinmu na yau na wanda aka damƙa wa ɗakin uwar garke ne (uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wato server) a makaranta, asibiti ko ma'aikata, inda hukuma ta sayi na'urorinta, ta girke su a harabarta, ta ɗora musu manhaja irin Proxmox VE, VMware ESXi ko OpenStack, domin uwar garke guda ta ɗauki kwamfutoci masu yawa a cikinta. Wannan tsari shi ne keɓaɓɓen girgije, kuma kowace kwamfuta da ke zaune a cikinsa ita ce kwamfutar kama-da-wane, wato kwamfutar da manhaja ta ƙirƙira, wadda ba ta da na'urar kanta.

Ƙirƙirar irin wannan kwamfuta aikin 'yan mintuna ne, kuma sauƙin nan shi ne tushen matsalar. Saboda haka, kafin ka danna maɓallin ƙirƙira, ka rubuta sunan sashen da ya mallake ta, da aikin da za ta yi, da ranar da za a sake duba ko har yanzu ana buƙatarta. Proxmox yana da gurbin rubuta bayani da na maƙala alama, OpenStack ma yana da makamancinsa. A ganina, kwamfutar da ba ta da waɗannan bayanai bai kamata a kunna ta ba sam. Sannan kada ka riƙa girka babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar kamar Windows, daga tushe kowane lokaci. Ka shirya samfuri guda mai tsabta, ka riƙa kwafa daga gare shi, ka bar manhajar cloud-init, mai saita sabuwar kwamfuta a kunnawar farko, ta sanya wa kowace suna da adireshi da makullin shiga. Wajen rabon furosesa da ƙwaƙwalwa, ka fara da kaɗan, domin ƙarawa daga baya ta fi ragewa sauƙi, musamman a faifan ajiya.

Yanzu ina roƙon ku tattara hankalinku, domin nan ne aka fi yin asara. Hoton yanayi (snapshot), wato adana halin da kwamfuta take ciki domin a iya komawa gare shi, wanda muke ɗauka kafin sabunta manhaja, ba kwafin ajiya ba ne. A VMware, da zarar an ɗauke shi, sai a daina rubutu a kan faifan asali, duk wani sabon canji ya koma wani fayil na daban da ke ta girma, kuma wannan fayil ba ya da amfani in babu na asali. Dukansu suna kan ma'adana ɗaya, don haka in ma'adanar ta lalace, sun tafi tare. Kamfanin da kansa ya ba da shawarar kada a bar hoto guda ya wuce awa 72. Ka ɗauka, ka yi sabuntawa, ka tabbatar komai na aiki, ka goge. Kwafin ajiya na gaskiya kuwa kwafi 3 ne, a kan ma'adana iri 2, ɗaya daga ciki a wajen ginin, kuma dole lokaci zuwa lokaci ka gwada dawo da shi, domin ta haka kawai za ka san yana da rai.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a nan Kebbi, ga kuma ɗaukewar wuta kafin janareta ya tashi. A Proxmox, ka girka qemu-guest-agent, ƙaramar manhajar da uwar garke ke ba kwamfuta umarni ta hanyarta, a cikin kowace kwamfuta domin ta mutu cikin tsari idan batirin da ke riƙe uwar garke bayan ɗaukewar wuta ya kusa ƙarewa, ka kuma tsara jerin tashi, ta yadda rumbun bayanai zai riga shafin rajistar ɗalibai kunnuwa. Idan uwar garke na buƙatar gyara, ka kwashe kwamfutocin zuwa wata suna cikin aiki, matuƙar furosesan biyu sun dace da juna.

Babbar manhaja ma tana da wa'adi. An daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 a watan Oktoban 2023, CentOS 7 kuma a ƙarshen watan Yunin 2024, kuma duk kwamfutar da ke kan ɗayansu ba tare da ƙarin tallafi na kuɗi ba, ba ta samun gyaran tsaro.

Mataki na ƙarshe shi ne ritaya, wanda ma'aikata suka fi tsoro, domin ba wanda yake so a ce shi ya goge abin da shugaban sashe zai nema gobe. Kashe kwamfuta kawai bai isa ba, domin tana nan riƙe da faifanta da adireshinta, kamar ɗan hayar da ya bar gari da makullin ɗaki. Ka rubuta wa mai ita takarda, ka kashe ta, ka jira kamar wata guda ka ga ko wani zai yi ƙorafi. In shiru, ka ɗauki kwafin ƙarshe, ka rubuta ranar da shi ma za a goge shi, sannan ka share ta. Bayan haka ka bi sawunta: faifan da ta bari a ma'adana, da sunanta a DNS, wato rajistar da ke haɗa sunan kwamfuta da adireshinta, da ƙofar da aka buɗe mata a katangar tsaro (firewall) mai tace masu shiga da fita, da lasisinta, da jadawalin ajiyarta. Ƙofar nan ta katangar tsaro ita ce mafi haɗari, domin ranar da aka ba wata sabuwar kwamfuta tsohon adireshin, za ta gaji ƙofa a buɗe ba tare da sanin kowa ba.

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu dawo da kwafin ajiya a Proxmox a aikace. Wassalamu alaikum.