Ranar da Perry Mason ya sha kaye a kotu

Nasiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Barista Hadiza, ga kuma Kawu Bala a kujerarsa da kofin shayinsa. Kawu, an zo lafiya?

Kawu Bala: Lafiya ƙalau ɗan nan. Sai dai shayin naku ba sukari.

Nasiru: Barista ce ta ce a rage maka.

Hadiza: Likita ya ce, ni isar da saƙo na yi. Kawu, kai ka kawo mana batun yau, sai ka buɗe.

Kawu Bala: To, madalla. Akwai wani tsohon shirin talabijin na Amurka, Perry Mason, wanda tashar CBS ta nuna daga 1957 zuwa 1966. Kashi 271 aka yi, duka fari da baƙi in ban da guda ɗaya tak mai launi. Labarin wani lauya ne a birnin Los Angeles, Raymond Burr ya fito a matsayinsa, ƙaton mutum mai manyan idanu. In ya zuba wa shaida ido, kai da kake gida ma sai ka ji kamar ka aikata wani abu.

Nasiru: Na kalli wajen kashi goma a wannan makon saboda shirin nan. Kawu, ka yi haƙuri, amma duk tafiyarsu ɗaya ce.

Kawu Bala: Faɗi mu ji.

Nasiru: A nuna maka wani mugun mutum da kowa ke jin haushinsa. A wayi gari an kashe shi. Laftanar Tragg na 'yan sanda ya zo da hularsa ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Mason ya karɓi shari'ar, ya tura Paul Drake bincike, sakatariyarsa Della Street tana ofis tana riƙe da komai. A je kotu, mai gabatar da ƙara Hamilton Burger ya yi ta cika baki. Saura minti biyar a tashi, sai Mason ya titsiye wani, mutumin ya fashe da kuka ya ce shi ya yi kisan. Shi ke nan, a koma ofis a yi dariya.

Kawu Bala: Kai ma tuwo kake ci kullum, ka taɓa cewa ya ishe ka?

Hadiza: Ai shi ya sa muka zaɓi kashin da ya fita daban. Sunansa The Case of the Deadly Verdict, an nuna shi a watan Oktoba 1963, a zango na bakwai. Shi daga inda sauran suke ƙarewa ya fara. Ana buɗewa shari'a ta riga ta ƙare, ana jiran 'yan juri, wato mutum goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga cikin gari su yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Suka dawo suka ce Janice Barton ta kashe gwaggonta. Hukuncin kisa.

Kawu Bala: Ranar da na fara ganinsa a kaset, wallahi sai da na mayar da shi baya. Na ɗauka kunnena ne.

Nasiru: Ni abin da ya kama ni shi ne shirun. Mason bai yi hayaniya ba. Mutumin da ka saba gani yana juya kotu yadda ya ga dama, sai ga shi jiki a sanyaye.

Hadiza: Kuma ka tuna wa ake nuna wa wannan. A Kalifoniya ta lokacin, jihar da Los Angeles take, a ɗakin gas na gidan yarin San Quentin ake zartar da hukuncin kisa, kuma mata ba su tsira ba. A 1962, shekara ɗaya kafin wannan kashi, an kashe wata mata, Elizabeth Duncan, a ɗakin. Saboda haka mai kallo a 1963 ya san abin da ke jiran Janice, ya karanta irinsa a jarida.

Nasiru: To me ya kayar da shi? Burger ne ya yi ƙoƙari?

Hadiza: Ita ta kayar da shi. Wacce yake karewa. Ba ta faɗi gaskiyar inda take a daren da abin ya faru ba, tana rufa wani asiri, kuma aka gano maganarta ba ta tsaya ba. Da zarar an kama ka da ƙarya ɗaya a kotu, gaskiya goma da ka faɗa kafin ita sun bi ruwa.

Kawu Bala: Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hadiza: Kawu, a nan ne kawai na ji shirin ya taɓo aikina na gaske. Na taɓa kare wani bawan Allah, ba zan faɗi ko a ina ba. Wata uku muna zama, ina tambayarsa, akwai abin da ka ɓoye mini? Ya ce babu, har da rantsuwa. Ranar da ya hau akwatin shaida, lauyan ɗaya ɓangaren ya zaro wata takarda mai sa hannunsa. Ban taɓa ganinta ba. Abin haushin, takardar ba ta nuna ya yi laifin ba, abin kunya ne kawai na cikin gida. Da ya gaya mini tun farko, da ni zan fara fito da ita, in yi mata bayani, ta wuce. Amma da ta fito daga hannun abokin hamayya, sai alƙali ya daina kallonsa da idon da yake kallonsa da safe.

Nasiru: Kunya ce ta ci shi ke nan.

Hadiza: Kunya. Mutum ya gwammace ɗauri da a ji sirrin gidansu. Shi ya sa ban ga Janice a matsayin wawiya ba, na sha ganin irinta.

Kawu Bala: Amma 'yata, ki faɗa musu ƙarshen. Ai bai bar ta ba.

Hadiza: Bai bar ta ba. Ya koma ya bi shaidun ɗaya bayan ɗaya, ya bi dangin da ke da rabo a gadon, har ya tono wanda ya yi kisan.

Nasiru: Kada ki faɗi sunan, akwai masu son su nema su kalla.

Hadiza: Ba zan faɗa ba. Amma a nan nake da ƙorafi, kuma Kawu ba zai ji daɗi ba.

Kawu Bala: Na saba. Bismillah.

Hadiza: A duniyar Perry Mason, ba a sakin mutum don an kasa tabbatar da laifinsa. Sai lauyansa ya kamo mai laifin da hannunsa, ya sa shi ya yi iƙirari. Wannan kuwa juya shari'a ne a kife. Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Haka yake a dokar Amurka, haka yake a tamu, haka malamanmu na fiƙihu suka karantar, hujja tana kan mai da'awa. Aikina ba kama ɓarawo ba ne. Aikina in nuna cewa hujjar gwamnati tana da ɓaraka. Amma shekara tara shirin nan yana koya wa mutane cewa in lauya bai fito da wani mai laifi ba, to wanda ke tsaye a gabansu shi ne. Har suna lauyoyin Amurka suka sa wa abin, suna kiransa cutar Perry Mason: ɗan juri ya zauna yana jiran wani ya miƙe daga bayan kotu ya ce ni ne.

Kawu Bala: Wasan kwaikwayo ne fa. In aka saki mutum saboda shakka, aka tashi ba a san wanda ya yi kisa ba, wa zai dawo mako mai zuwa?

Hadiza: Na yarda. Amma dubi abin da wannan kashin ya tona, ko marubutan sun nufa ko ba su nufa ba. An yi shari'a cikakkiya, alƙali bai karɓi cin hanci ba, 'yan juri ba mugaye ba ne, lauyan da ya fi kowa yana wurin, kuma aka yanke wa marar laifi hukuncin kisa. Kotun ba ta gyara kuskurenta da kanta ba. Mutum ɗaya ne ya ƙi barci. To wanda ba shi da Mason fa?

Nasiru: Abin da ya ba ni mamaki ke nan da nake karatu. A wannan shekarar dai, a watan Maris 1963, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Gideon. Wani talaka ne a jihar Florida, Clarence Earl Gideon, aka tuhume shi da fasa wani shagon wasan sanuka. Ya roƙi a ba shi lauya, aka ce doka ba ta tanada ba, ya kare kansa, aka ɗaure shi shekara biyar. Daga gidan yari ya rubuta wa Kotun Ƙoli da fensir. Kotun ta ce dole jiha ta ba talaka lauya a babban laifi. Aka sake shari'ar da lauya a gefensa, aka wanke shi.

Hadiza: Ka gani ko? Mutane suna kallon Mason a falo, a waje kuwa ana ɗaure mutane ko lauyan gwaji ba su da shi.

Kawu Bala: To bari in kare mutumina. Marubucin da ya ƙirƙiro Mason, Erle Stanley Gardner, ba a littafi ya koyi kotu ba. Lauya ne a Kalifoniya tun 1911, kuma a farkon aikinsa talakawa baƙin haure ya riƙa karewa, musamman 'yan Sin. Littafin Mason na farko ya fito a 1933. Da ya yi kuɗi, sai ya haɗa masana suka kafa wani kwamiti, Court of Last Resort, suna bin shari'o'in mutanen da ake jin an ɗaure bisa kuskure, kuma sun fitar da wasu. Mutumin ya san kotu tana kuskure, ba sai kin gaya masa ba.

Hadiza: Wannan kam na sara masa.

Kawu Bala: Har a matsayin alƙali Gardner ya fito a kashin ƙarshe, a 1966. Ya zauna ya yi wa yaransa shari'a.

Nasiru: Barista, wani abu ya ɗaure mini kai. A yawancin waɗanda na kalla ban ga 'yan juri ba sam. Alƙali ne kawai.

Hadiza: Ka lura da kyau. Mafi yawansu ba shari'ar ce ake nunawa ba, zaman share fage ne, inda alƙali ke duba ko hujjar ta isa a gurfanar da mutum. Lauya na gaske a irin wannan zama ba ya zazzage jakarsa, yana ɓoye makamansa sai ranar shari'a. Mason kuwa a nan yake gama komai. Masu shirin ma sun huta da biyan mutum goma sha biyu su zauna ba sa cewa uffan. Mu a Najeriya dama ba mu da juri, alƙali ne ke sauraro ya yanke, shi ya sa mai kallo a nan ba zai ji wani abu ya ɓace ba.

Nasiru: Ashe ranar da aka kawo mutanen gari ne aka samu matsala.

Kawu Bala: Ba ranar kaɗai ba. Akwai wani a 1958, The Case of the Terrified Typist, shi ma juri sun ce da laifi. Amma can an gano wanda ke tsaye a kotun sojan gona ne, ya ari sunan wani. Masoya shirin har yau suna gardama ko a lissafa shi a kaye.

Hadiza: Ni dai wanda nake tausayi Burger ne.

Kawu Bala: Allah sarki, William Talman, wanda ya fito a matsayinsa. Shekara da shekaru yana shan kashi, ko a jikinsa.

Nasiru: Ai akwai wadda ta ɗauke shi gwarzo. A watan Yuli 2009, lokacin da Majalisar Dattawan Amurka take tantance Sonia Sotomayor don zama alƙaliyar Kotun Ƙoli, ta ce Perry Mason na cikin abin da ya ja ta zuwa aikin shari'a tana yarinya a unguwar Bronx ta birnin New York. Amma da ta gama karatu, aikin Burger ta fara, mai gabatar da ƙara a Manhattan. Ta ce ta tuna wani kashi da Burger ya nuna kayen bai dame shi ba, don aikinsa tabbatar da adalci ne, a hukunta mai laifi, a saki marar laifi.

Hadiza: Wannan ita ce magana mafi nauyi a duk shirin, kuma a bakin wanda ake yi wa dariya aka sa ta. Mai gabatar da ƙara da ke ƙirga nasara da yawan waɗanda ya ɗaure, abin tsoro ne.

Nasiru: Sai Sanata Al Franken, wanda dama tsohon ɗan wasan barkwanci ne, ya tambaye ta: wace shari'a ce Mason ya sha kaye a cikinta? Ta ce ba ta tuna ba. Ya tsokane ta cewa ashe Fadar White House ba ta shirya ta da kyau ba. Zauren ya kwashe da dariya.

Kawu Bala: Da ni suka kira, da tuni na ci wannan tambayar.

Hadiza: Da yanzu kana Kotun Ƙoli, Kawu.

Kawu Bala: Da na fara da dokar sukari. Amma ki amsa mini abu ɗaya kafin mu tashi. A duk shekarunki a kotu, kin taɓa ganin shaida ya rushe a akwati ya ce shi ya yi?

Hadiza: Ko sau ɗaya. Na ga wanda ya yi gumi, na ga wanda ya nemi ruwa, na ga wanda ya ce ya manta ranar aurensa. Amma ya ce ni ne? Sai dai ya ce a ba shi dama ya tuntuɓi lauyansa. Kuma a ɗage zaman zuwa bayan hutu.

Nasiru: Wata nawa?

Hadiza: Kada ka tambaya.

Nasiru: To masu saurare, wanda ya kalli kashin ya gano mai kisan kafin Mason, ya aiko mana da saƙo, amma ban da leƙa ƙarshe. Kawu, a ƙaro shayi?

Kawu Bala: In Barista za ta juya baya.