Abin da tauraron ɗan'adam ke gani, da abin da ke wuce shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai, Hajiyoyi, 'yan'uwa Kanawa mazauna Jidda, barkanmu da war haka. Daga nan cikin birnin Kano nake magana da ku ta bidiyo, mutanen gida duk suna gaishe ku.

An ce in yi bayani kan makamai masu linzami da taurarin da ke sa musu ido. Maganar ta shafe ku kai tsaye. Da yawanku kun ga hayaƙin da ya turnuƙe sama ranar 25 ga Maris 2022, da 'yan Husi na Yaman suka kai hari ma'ajiyar man Aramco a Jidda. A nan kuwa, duk majalisar da ka zauna, daga Fagge har Kantin Kwari, sai ka ji an ce ai Amurka na ganin komai daga sama, ko allura ce. Wannan magana tana damuna, domin tana sa mutum ya saki jiki.

Gaskiya ne akwai taurarin da aikinsu ke nan. Amurka ta fara harba su tun 1970, na yanzu ana kiransu SBIRS, wasunsu suna can nisan kilomita kusan 36,000, suna juyawa daidai da juyawar duniya, don haka idonsu ba ya barin yanki ɗaya. Zafi suke gani. Makamin balistik, wato wanda roka ke cilla shi can sama ya faɗo kan inda aka nufa, idan ya tashi, wutar da ke bayansa tana da tsananin da tauraron zai hango ta nan take, a lissafa inda ya fito da inda ya dosa. Irin wannan gargaɗi na cikin abin da ya taimaki sojojin Amurka a sansanin Ainul Asad na Iraƙi ranar 8 ga Janairu 2020: kafin makaman Iran su sauka sun shige maɓoya, babu wanda ya mutu, ko da yake sama da 100 sun samu rauni a ƙwaƙwalwa.

To amma wanda ya hau Dala da daddare zai hango gobara ta tashi a Kurna, ba zai ga mai tafiya a lungunan Kurmi ba. Makamin kuruz, wato mai tafiya da injinsa kamar ƙaramin jirgi, da jirgi marar matuƙi ƙasa-ƙasa suke tafiya, injinsu ƙarami, zafinsu kaɗan, suna iya sauya hanya. Su ne aka kai hari da su cibiyoyin man Aramco na Buƙaiƙ da Khurais ranar 14 ga Satumba 2019, man da Saudiyya ke haƙowa ya ragu da ganga miliyan 5.7 a rana, wajen rabi ke nan.  Bayan haka ma aka shiga musu: Husi suka ce su ne, Amurka da Saudiyya suka ɗora wa Iran, Iran ta musanta.

Taurari masu ɗaukar hoto kuwa, irin NigeriaSat-2 ɗinmu da aka harba a 2011, wucewa suke yi, suna zagaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, gajimare da hazo suna rufe musu ido. Motar da ke ɗauke da makami tana iya harbawa ta ɓace kafin su dawo.

Har wanda ya gani ɗin ma yana kuskure. Ranar 26 ga Satumba 1983 tauraron Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa Amurka ta harbo makamai biyar. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, bai yarda ba. Ashe hasken rana ne ya bugi gajimare. Ni duk lokacin da na tuna wannan dare sai jikina ya yi sanyi.

Kuma gani daban, kakkaɓowa daban. A 1991 makamin Scud na Iraƙi ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka a Zahran ta Saudiyya ya kashe 28, domin agogon na'urar Patriot mai kakkaɓo makamai ya ɗan kauce.

Saboda haka, don Allah 'yan'uwa, duk abin da tauraro zai ba ku bai wuce 'yan mintuna ba, wani lokaci ko su babu. In jiniya ta yi kuka ko saƙon hukuma ya shigo waya, a kwashe yara a shiga ciki, a nisanci taga, kada a hau rufi don ɗaukar bidiyo. Tarkacen makamin da aka kakkaɓo shi ma yana kisa. Sannan hotunan da ake turawa a WhatsApp da sunan hoton tauraro, a daina aiko su gida ba tare da an tantance ba. Iyayenku mata a nan ba sa barci idan suka gani. A kira su, su ji muryarku.

Malam Sakatare, ina roƙon a rubuta lambar gaggawa 911 da 998 ta jami'an kare farar hula a zauren ƙungiya yau ɗin nan, a kuma sanar da sababbin zuwa da masu Umara. Allah Ya tsare ku, Ya dawo mana da ku lafiya. Wassalamu alaikum.