Saƙar hannu da amanar rubuta tsari

Assalamu alaikum. Iyayena, 'yan uwana mata da maza, barkanku da zuwa, na kuma gode da kuka ba ni wannan lokaci. Na ga wasu sun zo da saƙarsu a jaka, wasu ma har sun fito da ita. Don Allah ku ci gaba, kada ku ajiye saboda ni. Hannu na aiki, kunne na ji.

Maganata a yau kan saƙar hannu ce da allura biyu, wadda mutum ke yi don sha'awa, da kuma yadda muke ba juna tsarin saƙa, wato rubutaccen bayanin yadda aka yi hula ko safa ko suwaita. Zan faɗi ra'ayina tun yanzu: duk wanda ya rubuta tsari ya miƙa wa wani, to ya ɗauki amana, domin zaren mutum da makonninsa ne suka rataya a kan abin da ya rubuta.

Bari in nuna muku wani abu. Ga allura biyu a hannuna, ga zare. Duk saƙar da kuka taɓa gani, madauki iri biyu ne kacal a cikinta. Ko dai ka jawo sabon madauki ta cikin tsoho zuwa wajenka, wannan ita ce saƙar gaba, ko ka tura shi ya fita ta can baya, wannan saƙar baya. In ka juya ƙyallen ma za ka ga ɗayar ita ce bayan ɗayar. Ka yi layi ɗaya gaba, ka juyo ka yi layi ɗaya baya, sai fuskar ta fito sumul, amma gefenta ya riƙa nannaɗewa. Ka yi biyu gaba biyu baya a layi guda, sai ka sami saƙa mai talewa ta koma, irin ta bakin hannun suwaita da bakin hula. Sauran duk lissafi ne: nawa za ka ƙara, nawa za ka rage, a wane layi. Shi ya sa saƙa take rubutuwa, har mutumin da bai taɓa ganinka ba ya fitar da abin da ka fitar.

Sana'ar ta daɗe. Tsofaffin saƙaƙƙun kayan da aka samu safa ce ta auduga daga Masar, shuɗi da fari, tun wajen ƙarni na 11. A Sifaniya kuma, a birnin Burgos, a kabarin wani yarima mai suna Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275, an sami rigar matashin kai da aka saƙa da siliki, madauki kusan takwas a kowace santimita, an saƙa kalmar "baraka" da haruffan Larabci a jikinta. Takwas a santimita! Masu saƙa a cikinku sun san irin ido da haƙurin da wannan ke ci. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, amma hannu bai daina ba. Koyo kuwa ido da ido ake yi, yarinya ta zauna kusa da babba tana kallo, in ta kuskure a kama hannunta a gyara.

Da littattafan saƙa suka yawaita a Birtaniya a ƙarni na 19, sai wata matsala ta ɓullo. Da yawansu za su ce maka ka ɗora madauki kaza, amma ba su faɗi yawan madaukin da ya kamata ya cika wani awo ba. Mai rubutun ta san hannunta, sai ta ɗauka kowa irin hannunta gare shi. Wannan kuskuren har yau muna yin sa, kuma ya taɓa cin ni.

Wata ƙawata ce ta rubuta min tsarin suwaita da zuciya ɗaya. Ta ce in ɗora madauki 220 in saƙa a zagaye, kewayen ƙirji zai ba da santimita 100. Na sayi irin zarenta, na ɗauki allura mai milimita 4 kamar tata, na zauna mako shida. Da na gama jikin rigar na ɗora awo, sai ga santimita 110. Ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban tsallake layi ba. Ita hannunta na matse zare, madauki 22 ne ke cika mata santimita 10. Nawa hannun sakakke ne, 20 ke cika min. Ku lissafa: 220 a hannunta santimita 100 ne, a hannuna 110. Bambancin madauki biyu ya zama santimita goma a jikin mutum. Na zauna na warware ta tas, ina naɗe zaren yana fitowa a lanƙwashe, raina a ɓace. Layi ɗaya tak da ta ƙara a takardar nan ya isa ya hana wannan.

Saboda haka abu na farko da mai rubuta tsari zai sa shi ne awon gwaji: madauki nawa da layi nawa ne ke cika santimita 10, da wace allura, a wace irin saƙa. Mai karɓar tsari kuma nauyinsa ne ya saƙa ɗan ƙyallen gwaji kafin ya fara. Ku yi shi ya kai santimita 15, domin madaukan gefe ba sa zama daidai, a tsakiya ake ƙirgawa. Ku wanke shi yadda za ku wanke rigar, ku shimfiɗa ya bushe, sannan ku auna, don wani zaren yana saki in ya sha ruwa. In madaukanku sun fi na tsarin yawa, ku ɗauki allura mafi kauri. In sun gaza, ku koma siririya. Na san ana ƙyashin wannan aiki, mutum ya ƙagu ya ga riga. Amma yamma ɗaya ce, a kan mako shida.

Sai maganar allura. Don Allah ku rubuta kaurinta da milimita. In kuka rubuta "lamba 8" kawai, kun jefa mutum cikin ruɗani, domin lamba 8 a lissafin Amurka milimita 5 ce, a tsohon lissafin Ingila kuwa milimita 4. Na Amurka lamba na hawa allura na ƙara kauri, na Ingila lamba na hawa allura na sirancewa. Haka zare: kada ku ce "dunƙule biyar" ku yi shiru. Ku faɗi tsawonsa da mita, ku faɗi ko ulu ne ko auduga ko na roba, saboda auduga ta fi ulu nauyi, giram 50 nata bai kai tsawon giram 50 na ulu mai kaurinta ba. Ku kuma tuna wa mutum ya sayi abin da zai ishe shi lokaci guda, ya duba lambar rini da ke jikin takardar dunƙulen. Launi ɗaya daga tukunyar rini biyu yakan bambanta kaɗan, ba a gani a hannu, sai an saƙa rana ta haska sannan layin ya fito a ƙirjin riga.

Akwai tsarin da kalmomi ba sa ɗaukarsa da kyau. Saƙar Fair Isle, wadda ta ɗauki sunan wani ƙaramin tsibiri a Shetland ta Sikotilan, launi biyu ake riƙewa a kowane layi, wanda ba a saƙawa yana bi ta baya. Irin wannan a zane ake ba da shi, gida-gida, kowane gida madauki ɗaya, ana karantawa daga ƙasa zuwa sama, daga dama zuwa hagu, yadda saƙar kanta ke tafiya. Japan ta daidaita alamomin zanen saƙa a ƙasa baki ɗaya, shi ya sa masu saƙa a wasu ƙasashe ke bin tsarin Japan ba tare da sun iya harshen ba. Mu ma in mun ƙirƙiri alama ko mun gajarta kalma, mu fassara ta a saman takarda.

Wata baiwar Allah a baya can ta ɗaga hannu. Na'am, Hajiya? Tambayarta ita ce, in ka sami tsari a wurin wani ka canza shi, ya zama naka? Ga yadda nake gani. Saƙar gaba da saƙar baya ba na kowa ba ne, haka bakin hula mai talewa. Amma lissafin da wata ta zauna ta yi, ta saƙa ta warware har ya daidaita, guminta ne. In kyauta ta bayar, ki ba wasu, ki ambaci sunanta, ki kuma bayyana abin da kika canza don kada kuskurenki ya hau kanta. In sayarwa take yi, kada ki kwafa ki raba, ki nuna wa mutane inda za su saya. Ambaton suna ba ya rage miki komai.

Kafin kuma ki saki naki tsarin, ki ba wata ta saƙa shi daga takardar kawai, ke kuma ki kame bakinki. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai tana dubanki, to akwai abin da ke kanki wanda bai sauka a takarda ba. Ki rubuta adadin madaukin da ya kamata ya rage a allura bayan kowane ƙari ko ragi, domin mai saƙa ta ƙirga ta san tana kan hanya. In daga baya aka gano kuskure, ki bi waɗanda kika ba ki sanar da su.

Yanzu ga ƙyalle biyu zan miƙa a zagaya da su, zare ɗaya, allura ɗaya, mutum biyu suka saƙa. Ga abin awo. Kowa ya ɗora shi a tsakiya ya ƙirga madaukin da ke cikin santimita 10, a fara daga waɗanda ke zaune a sahun gaba.