Kyautar mota ga mawaƙi ba tallafin fasaha ba ce

Jama'a masu sauraro, zaɓen 2027 na ƙaratowa, mawaƙa kuma sun fara shiga situdiyo suna wasa 'yan takara. A ba wannan mota, a ba wancan kujerar Makka, sai a ce wai an tallafa wa fasaha. Wannan ladan kamfe ne, ranar rantsuwa yake ƙarewa.

Tallafin gwamnati yana cikin kasafin kuɗi, da doka a bayansa, da ƙa'idar da kowa zai bi ya nema ko da bai san kowa ba. A nan ake yaudararmu kullum. A 2013 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 3 don harkar fim, amma shiri ne na lokaci guda, ba asusu mai ɗorewa ba. A 2016 aka sanar da dandalin fim na biliyan 3 a Kofa ta jihar Kano, malamai suka yi ca, aka soke. Ko kana cikin masu adawa da shi, ka lura: sanarwa ce ta kawo shi, sanarwa ce ta tafi da shi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 2019, da Babban Bankin Najeriya ya fito da kuɗin masana'antar fasaha a kan ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Bashi ne fa, jama'a, bashi! Banki zai nemi rajistar kamfani, da tsarin kasuwanci a rubuce, da jingina. Makaɗin kalangu ina ya ga takardar fili? Marubuciyar da ke sayar da littafinta ta WhatsApp fa? Ga waɗanda ba za su taɓa kuɗin ruwa ba saboda addini. Shi kansa furodusan Kannywood, tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, kuɗinsa daga YouTube da gidajen talabijin yake ɗigowa, ba ya jiran ranar biyan banki.

Wasu za su ce yunwa ake yi, wa ke ta waƙa? Su je wurin ɗaukar fim su ƙirga bakin da ke ci: mai haske, mai ɗaukar sauti, tela, mai kwalliya, direba, mai abinci.

Tun 2023 akwai ma'aikatar fasaha da al'adu a Abuja, akwai kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka. To, in ɗan takarar shugaban ƙasa ko na majalisa ya zo, a tambaye shi: nawa zai sa a kasafi, kuma nawa za a saki, don rubutawa daban, saki daban? Tallafi ne ko bashi? Wa zai raba, kwamitin masana ko ofishin jam'iyya? Za a buga sunayen waɗanda suka samu? In ya amsa da sunan mawaƙin da ya saya wa mota, a sake tambayarsa.