Yadda Ake Ƙirga Dariya a Tsohon Katun

Ku dubi nan da kyau. Guduma ta sauka a kan kyanwa, kanta ya baje kamar faifai, ta tsaya cak, idanu a zare, sannan ta zube. A wannan tsayuwar dariyar take, kuma ƙirga ta aka yi hoto bayan hoto.

Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Katun mai minti bakwai, irin Tom and Jerry da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a kamfanin MGM na Amurka a 1940, hotunansa sun haura 10,000. Amma ba kowane hoto ake yi wa sabon zane ba. In motsin a hankali ne, zane ɗaya kyamara ke ɗauka sau biyu, wato zane 12 a sakan. In aka zo gudu ko duka, sai a koma zane ɗaya ga hoto ɗaya, don kada motsin ya riƙa tsalle a ido.

Darakta yana da takardar lissafi, kowane layi hoto ɗaya ne. Babban mai zane shi ke fitar da manyan tsayuwa: guduma a sama, guduma a ka, kai ya baje. Mataimakansa su cike tsakani. To ga inda gwaninta take: zanen da ke kusa da juna motsi ne a hankali, wanda ke nesa da juna kuwa sauri ne. Ɗaga gudumar na iya cin hoto 12, saukarta biyu ko uku kacal. Tsayuwar bayan duka a ba ta kamar rabin sakan. Aka gajarta, mai kallo bai gama ganin fuskar ba. Aka ja ta da yawa, abin dariyar ya huce. Kan da ya baje kuma dole ya ƙara faɗi, domin in girmansa ya ragu, ido zai gane.

A wancan zamani, ana fara ɗaukar zanen fensir a gwada. In ya yi, sai a kwafe shi a kan sel, wata roba mai garai-garai da Earl Hurd, wani mai zanen katun a Amurka, ya yi wa dabarar amfani da ita rajista a 1914. Tawada a gaba, fenti a baya, saboda kada burushi ya rufe layin.

Kowace takarda da kowane sel suna da huda a gefe, ana zura su a 'yan turaku iri ɗaya. Hudar ta saki, kyanwar ta kama rawa a allo. Sannan sel ba ya rasa ɗan duhu, in aka jera huɗu a kan zanen bango, wato hoton wurin da ke baya, na ƙasa launinsa ya dushe. Shi ya sa ake haɗa fentin kowane hawa daban, in ba haka ba hannun da ke sel na sama ya fi jikin da ke na ƙasa haske. Mai kyamara kan sa safar hannu, ya kakkaɓe ƙura, ya danne su da gilashi, ya ɗauka, ya ɗaga gilashin, ya sauya sel.